Yadda Na Zama Tafintar Allolin Gem

A shekara ta huɗu da aurena maigidana ya buɗe gidan gem, wato wasan talabijin, a bakin tashar Rano. Direba ne, yana da bas ɗinsa guda ɗaya da yake jigila tsakanin Rano da Kano, kuma ba ya ganin abu sau biyu a birni bai ce zai kawo shi gida ba. Ya taɓa kawo injin matse lemo, ya taɓa kawo zomaye. Wannan karon talabijin biyu ya sauke, da wasu baƙaƙen akwatuna biyu, da faya-fayai cikin leda. Ya ce samari za su riƙa wasa kafin mota ta cika. Ni a lokacin ina koyar da Turanci a makarantar 'yan mata, ga goyo na wata biyar, don haka na ce Allah ya sa albarka, ban ƙara bi ta kan maganar ba.

Ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a a jiharmu ba, kowane gari da kwamitinsa na dattawa da malamai masu sa ido a kan gidajen kallo da makamantansu. Wata rana wani dattijo daga Zinyau yana jiran mota, ya leƙa shagon don ya sha inuwa. Ya ga wani ƙaton mutum a talabijin ya durƙusa a gaban wasu halittu uku masu haske, kansa a ƙasa. Ya tambaya, wani mai ɗan Turanci ya ce masa ai waɗannan su ne suka halicci duniyar wasan. Dattijon bai ƙarasa jiran motar ba. Kafin kwana uku magana ta zaga gari cewa a shagon mijina ana koya wa mutane sujada ga gumaka.

Shugaban kwamitin Rano abokin karatun yayana ne. Yayana malamin Islamiyya ne a Kibiya, garinmu, mutum ne da ba ya ɗaga murya kuma ba ya sakin magana sai ya ga ƙarshenta. Shugaban ya aika masa cewa tunda mijin ƙanwarsa ne, ya je ya duba da idonsa ya kawo musu bayani kafin su rufe shagon. Yaya ya ce zai zo ranar Asabar bayan azahar. Ya ce ba zai zauna a gidan gem ba, a kawo kayan gida. Ya kuma ce tunda rubutun da ke fitowa na Turanci ne, ni zan fassara.

Babu wanda ya tambaye ni ko ina da lokaci. Ranar Asabar nake wanki, ranar nake yi wa takardun ɗalibai maki.

Da safiyar ranar maigida ya shigo da talabijin a kafaɗa, ya girka a falo, ya ja janareta tsakar gida daidai ƙarƙashin igiyar shanyata. Sai ya biyo ni kicin yana sosa ƙeya.

"Malama," in ji shi, "akwai wata kalma da za ta fito. In ta fito, ki ce sarakuna."

"In sarakuna aka rubuta zan ce sarakuna."

"Ai kusan duk ɗaya ne."

Na ci gaba da aikina. Yaya ya iso a kan babur, ya yi sallama, ya wanke ƙafa, shi ma ya same ni a bakin kicin ɗin.

"Ki ji tsoron Allah ki faɗi abin da aka rubuta," ya ce, "ko da mijinki ne abin zai shafa."

Na ce masa to, Yaya. A raina na ce tun ba a kunna ba kowa ya ba ni fassararsa.

Ya ƙi kujera, ya zauna a tabarma, ya fito da littafi da biro. Maigida ya ɗauki abin da ake riƙewa ana dannawa, wanda suke kira hannu. Aka kunna. Talabijin ya yi baƙi, sai farin rubutu ya fara hawa daga ƙasa. A layin farko kalmar take: kalmar da Turawa ke kiran Ubangiji da ita, an ƙara mata harafin jam'i. Maigida ya fara tari. Na ce, "Alloli. Alloli uku na farko." Yaya ya nemi tsari daga Shaiɗan, ya rubuta da ajami, ya ce in ci gaba.

Ga labarin yadda na fassara shi ranar. Wai kafin a yi komai, su ukun nan ne kaɗai. Na farko namiji ne, shi ya yi duwatsu da ƙasa. Ta biyu mace ce, ita ta yi wuta da rana. Na ukun ba shi da fuska, shi ya hura numfashi a cikin halittu. Da suka gama sai gardama ta kaure a kan wane ne mai duniyar. Suka yi faɗa har teku ya kusa ƙafewa. Sai suka rantse ba za su ƙara taɓa duniya da hannunsu ba, suka koma can sama suka zauna. Suka kafa ƙofofi goma sha biyu, kowace da mai tsaronta. Wanda ya doke masu tsaron duka, zai tsaya a gabansu ya roƙi abu ɗaya.

Turancin ma ba na kirki ba ne. Da ɗalibata ce ta rubuta shi, da babu layin da ba zan zagaye da jan biro ba. Ga shi rubutun ba ya jira, yana hawa yana ɓacewa, ni ina karantawa, ina juyawa, ina jijjiga yarinya.

Na gama na miƙe, a zatona an gama. Yaya ya ɗago kai.

"Daga nan fa?"

Maigida ya ce, "Yaya Malam, sauran labarin ba ya fitowa sai an ci faɗa. Kowace ƙofa aka wuce, sai ɗaya daga cikinsu ya yi magana."

"Ƙofa nawa kuka ce?"

"Goma sha biyu."

"To, bismillah. Ba zan kai wa mutane hukunci a kan rabin magana ba."

A nan na gano cewa mijina, mai gidan gem, bai iya gem ba. Yana riƙe hannun nan kamar sitiyari, yana karkata jikinsa dama da hagu, yana danna duk maɓallan a lokaci ɗaya. Mutumin da ya zaɓa a cikin wasan, wani mai faffaɗan ƙirji da ɗaurin kai, sai tsalle yake yi a wuri ɗaya ana jibgarsa. Har la'asar ƙofa biyu aka wuce. Na ce a kira ɗaya daga cikin samarin tasha mana, su da suka ƙware. Yaya ya ce ba za a shigo da baƙin maza gidan ƙanwarsa ba. Na ce to su tafi shagon, ni in ba su ƙamus. Ya ce ya riga ya faɗa ba zai zauna a can ba. Ya rufe littafi ya ce sai Asabar mai zuwa.

Da Asabar ɗin ta zo na gano abu na biyu. Akwatin ba ya riƙe inda aka tsaya, domin maigida bai sayo ɗan abin da ke ajiye wasa ba. Duk ranar da aka kunna, daga ƙofar farko ake farawa. Na ɗauka Yaya zai ce a tsallake abin da aka riga aka ji. Ina! Sai ya buɗe littafinsa yana bin fassarata da yatsa.

"Wancan makon kin ce teku ya kusa ƙafewa. Yau kin ce ya kusa bushewa. Wanne ne?"

"Yaya, ai duk ɗaya ne."

"In ɗaya ne me ya sa kika canja?"

Na ukun nan marar fuska shi ya fi ba ni wahala. Idan lokacin maganarsa ya zo, ba ya cewa komai, ɗigo uku kawai ke fitowa a ƙarƙashin hotonsa. Ranar farko Yaya ya ce, "Me ya ce?" Na ce bai ce komai ba, ɗigo uku ne. Ya ce to ɗigo uku a Turanci me suke nufi? Na ce suna nufin shiru. Ya ce shirun yarda ko na ƙi? Na ce ban sani ba, ban shiga zuciyarsa ba. Maigida ya ce a ganinsa na yarda ne. Suka shafe kusan rabin awa a kan wannan, janareta yana ta ƙara, hayaƙinsa yana shiga farin zanen gadona, ni ina tsaye da ludayi a hannu.

Kafin wannan lokacin, yayana da mijina gaisuwa kawai ke haɗa su. Yaya yana ganin maigida mai rawar kai ne, maigida kuma yana jin nauyinsa har ba ya iya cin abinci a gabansa. Zuwa Asabar ta uku kwano ɗaya suke sa hannu. Yaya bai taɓa hannun gem ɗin ba, ko sau ɗaya, amma ya fara ba da umarni daga kan tabarma.

"Durƙusa! Ka ga zai kawo ƙafa, durƙusa mana! Kai, wannan bawan Allah, ba ka jin magana."

A ƙofa ta biyar wata mata ta fito a labarin. An ƙone garinsu, ta ɗaga kai sama tana roƙon su ukun su taimaka. Na farkon, mai duwatsu, ya ce rantsuwarsu ta hana. Ta biyun ta ce laifin na farkon ne. Na ukun ya yi ɗigonsa uku. Da na gama fassarawa Yaya ya ajiye biro.

"Shi ke nan? Ba su yi mata komai ba?"

"Ba su yi ba."

"Suna ji suna gani? To ai kansilanmu ma ya fi su. Shi ko bai gyara rijiya ba, yana zuwa gaisuwar mutuwa."

Maigida ya yi dariya har aka kashe mutuminsa. Yaya bai yi dariya ba, da gaske ransa ya ɓaci. Ya ce in maimaita abin da ta biyun ta ce, ya rubuta, ya ja layi a ƙarƙashi. Ya ce wanda ya ƙirƙiro labarin nan ya kafa wa kansa hujja bai sani ba: ya yi su uku, ga shi ko gari ɗaya sun kasa tsarewa, sai nuna wa juna yatsa.

Na ce, "To Yaya, ai ka samu abin da za ka faɗa wa kwamiti."

Ya ce, "Saura ƙofa bakwai."

A Asabar ta huɗu na yi ƙarya, kuma ba na jin zan ɓoye. Jarrabawa ta ƙarato, takardun aji uku suna jibge a ɗaki, yarinya tana fitar da haƙori ba ta sauka daga bayana. Da aka wuce ƙofa ta bakwai rubutu ya fito, sai na gyara murya na ce, "Sun ce faɗa ya ƙare. Sun yafe wa juna, kowa ya koma gida ya kama sana'a."

Fuskar Yaya ta washe. Ya ce alhamdulillahi, ashe dai sun yi hankali. Har ya fara rufe littafi. Sai mijina, mutumin da ya roƙe ni in ce sarakuna, ya ga ranar ce ranar gaskiyarsa.

"A'a, Malama, duba da kyau. Ai ga ƙofa ta takwas can ta buɗe."

Na dube shi. Bai ma san ya yi wani abu ba, idonsa yana kan talabijin. Yaya ya buɗe littafin a hankali, ya kira ni da sunan da Inna ke kirana tun ina ƙarama, ya ce, "Amana aka ba ki." Kunya ta kama ni, haushi ya fi kunyar yawa. Na faɗi abin da aka rubuta da gaske, wanda bai wuce cewa mai wuta ta zargi mai duwatsu da maguɗi ba. Ranar na zuba musu abinci ban ce a ci lafiya ba.

Ƙofa ta tara ita ta tsayar da mu. Mai tsaronta wani makaho ne, ƙato, da guduma a hannu. Da maigida ya matso sai ya buga gudumar a ƙasa, mutuminmu ya faɗi, ya bi shi ya tattake. Asabar biyu cur ana wannan. A fara daga ƙofar farko, in fassara abin da na haddace har ina iya faɗa daga kicin, a iso wurin makahon, a tattake mu. Maigida ya ce hannun ne ya lalace. Ya ɗauko na biyu daga shago, aka tattake shi da na biyun.

Akwai wata 'yar takarda a cikin ledar faifan da babu wanda ya kula da ita. Wata rana ina shara na tsince ta a bayan kujera, na karanta don sabo, domin ni ba na ganin rubutu in wuce. Ashe bayanin yadda ake faɗan ne. An jera kowane ɗan wasa da dabarunsa. Akwai wata siririyar mata mai sanda da aka ce in an danna baya sau biyu, gaba sau ɗaya, sannan maɓallin sama, tana tashi ta dira a bayan abokin faɗa. Na nuna wa maigida. Ya ce shi ba zai zaɓi mace ba, mutuminsa ya saba da shi. Na ce to mutumin naka ma yana da tasa dabarar, ga ta. Ya ce faɗa ba a takarda yake ba, a hannu yake.

Asabar ta bakwai, aka iso wurin makahon, aka tattake shi sau uku. Yaya ya duba agogo ya ce da alama sai mako mai zuwa. Ban san lokacin da na ajiye tire ba. Na ce, "Maigida, ba ni abin nan."

"Me za ki yi da shi?"

"Ba ni kawai."

Ya miƙo yana murmushi, yana kallon Yaya. Na gyara goyona, na tsaya a tsaye, na zaɓi mai sandar. Karon farko an kashe ni kafin in gane ina ne baya. Karo na biyu na daɗe kaɗan. A karo na huɗu yatsuna suka kama: baya, baya, gaba, sama. Matar ta tashi ta dira a bayan makahon, na ɗirka masa sanda. Ya juyo, na sake. Ban yi wata dabara ba sai wannan guda ɗaya, ita na yi ta maimaitawa har ya kife. 

Yaya ya ce, "Ke ma?"

Na ce, "Ni so nake a gama."

Maigida ya miƙo hannu zai karɓa, Yaya ya ce masa, "Bar ta." Na wuce ta goma, na fassara. Na wuce ta sha ɗaya, na fassara. Ta sha biyu ta ci mini kusan minti arba'in, babban yatsana ya yi ja, yarinya ta farka tana ja mini ɗankwali, Yaya da maigida suna ihu a kaina kowa da shawararsa. Da mai tsaron ƙarshe ya faɗi, sai wata babbar ƙofa ta bayyana, haske yana fitowa ta ƙarƙashinta. Yaya ya matso har gwiwarsa ta sauka daga tabarma. Ƙofar ba ta buɗe ba. Rubutu layi biyu ya fito. Na karanta, na sake karantawa.

"Me suka ce?" in ji Yaya.

"Sun ce an gode. Sun ce wannan matakin masu koyo ne. Wanda yake son ya tsaya a gabansu, ya koma farko ya yi a mataki mai wuya."

Yaya ya dube ni ya ga ba ƙarya nake yi ba wannan karon. Maigida ya ce a hankali, "To ai tunda Malama ta gane kan abin..." Na ajiye hannun a kan talabijin, na fita tsakar gida na kashe janareta da kaina. Na dawo na ce musu daga yau ko harafi ɗaya ba zan ƙara fassarawa ba, wanda yake son ganinsu ya shiga makarantar yaƙi da jahilci. Ban taɓa yi wa yayana magana haka ba. Sai ya ce, "Kin yi gaskiya. Mutum ya sha wannan wahala, su ce masa ya koma. Ba su da mutunci." Ya sa littafinsa a aljihu.

Bayanin da ya kai wa kwamiti, kamar yadda maigida ya ba ni labari, bai yi tsawo ba. Ya ce labarin ƙarya ne, ƙaryar ma ba ta tsaru ba, kuma bai ga alamar masu wasan suna bauta wa kowa ba, yawancinsu ko rubutun ba sa karantawa, dannawa suke su wuce. Amma ya ce sunan da aka ba halittun nan bai dace a bar shi yana yawo a gaban jama'a ba. Aka yanke cewa a cire wannan faifan, a bar na ƙwallo da na tseren mota, a rufe shago lokacin salla da lokacin makaranta. Maigida ya yarda da sauri. Shagon ya yi kamar shekara biyu, sannan wayar hannu ta shigo gari ya mayar da shi wurin cajin waya.

Ni kuwa ban huta ba. Yaya ya yabe ni a gaban kwamiti, ya ce ƙanwarsa ba ta ɓoye ko kalma ɗaya ba, ya yi mini sutura a kan Asabar ta huɗu. Daga nan duk abin da ya shigo Rano da rubutun Turanci sai a ce a kai wa matar direba. Takardar maganin feshi, littafin injin ban-ruwa na wasu manoma daga Lausu, wasiƙar da aka aiko wa wani daga ma'aikata. Matan da ke kawo takardar maganin yara ban taɓa jin haushinsu ba. Sauran kuwa, sai in ji sallama daidai na ɗora tukunya.

Da hutu ya zo na je Kibiya gaida Inna. Labari ya riga ni isa. Na zauna ina jira ta ce Yaya ya wahalar da ni, ko ta ce mijina ba shi da aikin yi. Ta karɓi yarinya, ta duba haƙoranta, ta tambayi hanya. Sannan ta ce, "Wai da gaske ne ke kika doke makaho da sanda, da jikata a bayanki?"

Na ce, "Inna, ba mutum ba ne, hoto ne."

Ta ce, "Ko hoto ne. Makaho dai makaho ne. Ban yi miki irin wannan tarbiyya ba."

Yaya yana zaune a bakin ƙofa yana gyara carbinsa da ya tsinke. Na dube shi ko zai yi mata bayani. Ya ce shi ko taɓa hannun gem ɗin bai yi ba, Allah ne shaidarsa. Na tashi na shiga ɗaki na kwanta, na bar musu yarinyar har magariba.